Marafan Kwalba

Tete Shuvai, gwaggona, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, a gabanki bakina ba ya buɗuwa.

Na gode da gyaran da kika yi wa mbirata, abin kiɗana, jiya. Kika ce, "Mai neman digiri na biyu da kayan bola a jikin ƙwaryar kiɗa?" Kika ɓamɓare marafan kwalban nan tas. Tete, su ke ba kiɗan zizarsa. In babu su, yau zan faɗi jarrabawar kiɗa ta ƙarshe.

Shi ya sa na buɗe lemunan da kika ajiye wa matan coci, na ɗaura marafansu. A shanye kafin su salamce.

Na sulale ta ƙofar baya, takalma a hannu.

Nyengeterai