Gurbin Suna Ɗaya, Mutum Uku

Gazawa, watan Yuni 2010

Zuwa ga ƙanena Musbahu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Yamai. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kawo mana ruwa. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Baba kuwa ya rame. Har yanzu ko ɗigo bai sauka ba, shanunmu sai an ɗaga su suke tashi.

Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Da Sallah ka cika mana baki da aikinka na buro, wato ofis, ka ce ka rubuta wa na'ura wani abu wai shi makro: jimla ɗaya mai gurabu, ita ke cusa suna da gari da rana, ta aika wa makiyaya dubu saƙon rabon dusa. Ka ce kamar ma'aunin bulo ne, kowanne daidai yake fita. To, mutane ba bulo ba ne! Gurbin suna ɗaya tak ka yi, babu sunan uba, babu laƙabi. Ka manta rugarmu duka waya ɗaya gare ta, ta Tsoho mai shago? Ka manta mutum uku ke da sunan yankan Baba, wanda ko a takarda kunya ba ta barina in rubuta?

Saƙo ya iso, wai mai wannan suna ya je Gazawa ran Talata ya karɓi buhu biyu. Baba ya ce shi ba zai yi rige-rige da maƙwabta a kan abinci ba, wataƙila na takwaransa Dogo ne. Dogo ya ɗaura amalanke ya tafi, aka duba katinsa aka ce ba shi ba ne. Kafin ya dawo an rufe rabo. Ashe na Baba ne. Kai da aka haifa a rugar nan, ka fi kowa sanin halinsa.

Za a sake rabo bayan mako biyu, shanu huɗu suka rage mana. Ka ƙara gurbin nan yau, ba gobe ba.

Ka gaida Maijidda da kawu Nomau. Baba ya hana a gaya maka, amma ni zan faɗa: saniya ta mutu mana ran Juma'a, Fara ce, wadda ya ba ka ranar da ka shiga lakol, makarantar boko.

Yayarka,
Lami