Gwangwanin Gwaggo Atika

Tudun Wada, Zariya
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Junaidu da jaririya. Baba yana gaishe ku, ƙafarsa ta yi sauƙi.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da kuka koma Kano na rasa mai yi mini kitso, sai na fara zuwa wurin wata mata a Tudun Jukun, Gwaggo Atika, wadda ke zaune ita kaɗai. Kin san gashina, irin na marigayiya Inna, mai cika da nannaɗewa, mai karya mataji. Ita kuwa tana da wani mai a farar kwalba, mai santsi kamar yauƙin kuɓewa. In ta shafa sai gashin ya kwanta yana sheƙi. Da farko na ji daɗi, har 'yan Islamiyyarmu suka yaba.

Yau wata huɗu ke nan. In na zuba ruwa a kaina sai ya gangare kamar a kan leda. Ko shafar kai na yi a alwala, sai in ji kamar ba kaina na taɓa ba. Nannaɗewar ta tafi. Na kwafi rubutun jikin kwalbar na kai wa Malam Sadiq mai kemis, ya ce akwai silikon a ciki. Wai ba guba ba ne, sai dai yana lulluɓe gashi, in ya taru ba a wanke sosai ba ruwa ba ya ratsawa.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Ba ta taɓa miƙo mini gashin da ya zube ba, yadda kowace mai kitso ke yi don mutum ya binne abinsa. Sai ta dunƙule ta sa a gwangwanin madara. Kunya ta hana ni tambaya. Kuma kowane kitso na roƙa, shuku take yi mini. A bangon ɗakinta akwai hoton wata yarinya sa'ata, da shuku, gashinta a kwance yana sheƙi. Maƙwabciyarta ta ce 'yar Gwaggo ce, Rauda, bara ta rasu.

Ranar Asabar da ta gama, ta juyo da fuskata ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni Rauda. Yaya, na amsa. Ban san lokacin da bakina ya amsa ba. Da na duba madubinta ban ga kamannin Inna ba ko kaɗan.

Don Allah kada ki gaya wa Baba.

Ƙanwarki,
Tayyiba

Ranar Lahadi

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya hidima? Saƙonki ya iso, na kuma yi yadda kika ce. Na tsefe, na wanke da sabulun salo da ruwan ɗumi har sau uku, na shafa man kaɗanya. A wanki na uku na ji ruwa ya taɓa fatar kaina, sanyinsa har tsakiyar baya. Ina shan iska a tsakar gida gashin ya fara nannaɗewa da kansa. Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya yana kallona, sai ya koma ɗaki.

Jiya na ɗaura ɗankwali na je wurin Gwaggo Atika don in roƙi gashina. Ban ma buɗe baki ba. Gwangwanin yana ajiye a bakin ƙofa, kamar ta san zan zo. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

A gida na buɗe. A ƙarƙashin nawa akwai wani gashin, tsoho, mai ƙamshin man nan. Sun cakuɗe. Na zauna a rana ina tsinta har la'asar, na kasa gane wanne nawa, wanne na Rauda.

Sai na binne su tare a gindin goba, inda Inna ke binne namu, na yi wa Rauda addu'a.

Ranar Juma'a zan je in gaishe ta, don ba ta da kowa. Ba zan cire ɗankwalina ba. In ta kira ni da sunan nan zan yi shiru, har sai ta ce Tayyiba.

Ki shafa mini kan jaririya.

Taki har kullum,
Tayyiba