Magana Ta Ɓace Mini a Gaban 'Yan Kallo

Malama Marjorie, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ɗan wasan kwaikwayo ne a Chicago. An fi sanina da wani alƙali mai faɗa da na fito a talabijin, har yau a kanti ana ce mini ranka ya daɗe. Amma a kan dandamali na tsufa, kuma taƙamata hadda. Abokan wasa kan tsokane ni, wai haɗiye littafin wasan nake yi.

Makon jiya, zaure cike, ana tsakiyar wasa, na buɗe baki sai na ji wayam. Ina kallon Corinne, wadda ke fitowa a 'yata, ko sunanta na wasan ban tuna ba. Wani ya yi tari. Corinne ce ta rungume ni kamar cikin wasan ne, ta raɗa mini maganar. Da aka tashi jama'a suka yi ta tafi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Darakta ya ce a sa mini 'yar na'ura a kunne, a riƙa karanto mini. Ni? Tun ranar ba na iya haɗa ido da kowa. Matata Loretta ba ta sani ba. Mahaifina da ciwon mantuwa ya rasu, har ni ya daina ganewa. In ajiye aikin ne kawai, in ce gwiwa ce ta matsa mini?

Tsohon Alƙali

Ranka ya daɗe Alƙali,

Kunyarka na fahimce ta, amma tsoro ne ya fi cin ka. Je ka ga likita cikin makon nan. Gajiya da rashin barci ma suna kawo haka. In kuma abin da kake tsoro ne, gara a gane shi da wuri.

Faɗa wa Loretta yau, ku je tare. Ƙaryar gwiwa ba za ta yi nisa a gidanka ba.

Na'urar kuwa, karɓe ta. Mutane ba haddarka suke zuwa aunawa ba, zuwa suke ka taɓa musu zuciya. In daga baya ka ga gara ka huta, ka sauka a fili, a yi maka ban kwana yadda ya dace. Corinne kuma, godiya take bin ka, ba sunkuyar da kai ba.

Allah ya ƙara lafiya, ya sa mu ji alheri.

Marjorie