An Haɗa 'Yata da 'Yar Habsatu a Ordinatar

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita mai kula da likitocin ƙauyuka, Magariya.

Daga Yakura Hambali, karkarar Yekuwa.

Ranar 9 ga Yuni, 2024.

Game da: gurbin suna da aka bari fayau.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ga kukana. Karatuna kaɗan ne, abin da na riƙe a ka na rubuta.

1. Ranar 4 ga Maris na haifi 'ya mace a likitarmu, wato asibitin ƙauyenmu. Malam Haruna, mai rubuta haihuwa a ordinatar, wato kwamfuta, ya tambayi sunanta. Sai ka ce baƙo ne a ƙasar nan. Wa ke da suna kafin kwana bakwai? Ya bar gurbin fayau.

2. Kwananta biyar ta koma. Mun binne ta ba a raɗa mata suna ba.

3. A satin da na haihu, maƙwabciyata Habsatu ta haihu, ita ma mace, ita ma aka bar gurbin fayau. Majo, shugaban likitarmu, ya ce da ni akwai inda ake latsawa a nuna ba a sa suna ba tukuna, ba a latsa ba. Na'urar ta ga gari ɗaya, sati ɗaya, suna iri ɗaya, wato babu, sai ta cuɗa takardunsu. Ta kashe mai rai, ta raya tawa.

4. Sau uku ke nan ana kirana a salula in kai jaririya rigakafi. Na ƙarshe har faɗa aka yi mini wai ni uwa ce mai sakaci. Lokacin ina surfe, na ajiye taɓarya, ranar ba a ci tuwo a gidana ba.

5. Habsatu kuwa ta hau amalanke sau biyu zuwa likitar da 'yarta Rukaiya a goye, ana kallon yarinyar tana tsotson hannu, aka ce ta rasu, ba allura. Wannan aiki abin ƙyama ne, ranka ya daɗe.

Ina roƙo da ladabi a raba takardun nan biyu, a yi wa Rukaiya allurarta kafin damina ta tare hanya, a kuma koya wa Malam Haruna inda ake latsawa. Tawa a rubuta ta rasu ranar 8 ga Maris. Kada wani ya ƙago mata suna don ya cika gurbi.

Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya,
Yakura Hambali