Muryar Yayarki da Na Sa Aka Goge

Zuwa ga ƙanwata, uwar tagwaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau. Goggo na nan tana musu da likita, hawan jinina kuma yana inda kika bar shi.

Maganar 'yarki Auta ce. Tun rasuwar mamanta, yayarki, waya ta zame mata hannu na uku. Tana cin abinci tana latsawa, ta sa hoto ta zauna gadin wa ya yaba, wa bai yaba ba. Farcenta duk ta cinye da haƙori, darussa biyu kuma ta faɗi. Ni kuwa mai ɗaki cike da littattafai na zaunar da ita a falo, na yi mata lacca kan kamun kai, har da jawo malaman da suka rasu shekara ɗari takwas da suka wuce. Ta ce tana ƙoƙari, hannun ne ke zuwa da kansa. Ita da kanta ta roƙe ni in riƙe mata wayar sai bayan jarrabawa.

Ajiya aka ba ni. Kwana huɗu tana ƙara a durowa, zuciya ta ɗebe ni, na kai wa mai gyara na ce ya wanke ta tas. Sau biyu ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa ni ba yaro ba ne.

Da na faɗa mata ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaya ko na san saƙonnin muryar mamanta na ciki. Ashe kullum kafin ta shiga aji sai ta saurari ɗaya, inda take ce mata ta ɗauki lema, hadari ya taso. Na koma wurin mai gyaran, ya girgiza kai kawai. Yanzu Auta ba ta taɓa waya, tana kuma gaishe ni kamar baƙon unguwa. Na samu abin da na nema.

Lokacin da take raye, yayarki ba ta gajiya da aiko miki saƙon murya. Don Allah duba tsohuwar wayarki. Duk wanda kika samu ki turo, ko da wanda take ƙorafin na cika mata gado da littattafai ne.

Ki gaida maigidan da tagwaye. Goggo na gaishe ku. Ki turo ta lambata, ni ma ina so in ji.

Naki,
Baban Auta