Gonar Baba Taka Ce

Gesse, Birnin Kebbi
Lahadi, 9 ga Maris

Ƙanena Isuwa,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya iyali da jikoki? Yau kumburin ƙafata ya ɗan sauka, har na taka zuwa bakin ƙofa. Kada ka damu. Tun rasuwar matata Paulina gidan ya yi shiru, amma maƙwabciyata Asiya ba ta barina da yunwa.

Shekara goma sha tara ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci. An koya mana ba a zuwa teburin nan da fushin ɗan'uwa a zuciya, ni kuwa na ƙi sakin rigimarmu ta gonar Baba. Makon jiya ina kwance na nemi fushin nan, na rasa. Ba ƙoƙarina ba ne, alherin Allah ne. Gonar taka ce. Ka yafe mini maganganun da na yaɓa maka. In ka samu hali ka kira, in ji muryarka.

Fasto ya ce zai kawo mini Jibin yau. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, har yamma bai zo ba. Ba komai. Gara wasiƙar nan ta fara tafiya kafin in ci Jibin.

Yayanka,
Irimiya