Saratu Da Sunan Ubanta

Zuwa ga ɗana Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Innarka, daga Gwashi. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri, kai ma naka bai fi tafiyar kaza kyau ba.

Kai dai ka iya zamewa. Kana da rai, in an fara noman gero sai cikinka ya murɗa. Yanzu kuma da rigima ta taso kan ɗiyarka Saratu, ka bar ni da ita.

Ga yadda aka yi. Ita da Bashiru, ɗan ƙanenka Lawali, sun zauna jarrabawar shiga jami'a. Saratu ta fi shi maki, shi kansa bai musa ba. Amma angona Bashiru aka ɗauka, har da sauƙin kuɗin makaranta, don ubansa direba ne a jami'ar can Sakkwato. Wai akwai kason 'ya'yan ma'aikata. Saratu tana nan tana taya ni surfe.

Ban ce an yi sata ba. Lawali ya daɗe yana jan motar mutanen nan, har bayansa ya sunkuya. Lokacin da nake tuya a kasuwar Gummi, ku ke cinye gutsattsarin ƙosai, ba wanda ya ce na yi zalunci. Sai dai ban taɓa ɗauke na wanda ya riga ku miƙo kwano na ba ku ba. Wannan shi ne abin da na kasa ganewa.

Da sallah Lawali ya zo da dabara. Ya ce baɗi ta sake jarrabawa da sunansa, ta zama Saratu Lawali, ta shiga ta ƙofar da Bashiru ya bi. Na ce ai dama ɗiyarsa ce, tun yaushe ɗiyar wa ta daina zama ɗiyar ƙane? Ya ce jami'a ba ta san wannan ba, sai an cire naka an sa nasa.

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, kada ka riƙe shi. Saratu ma ta so. Ta ce ba ka nan balle ka ji ciwo.

Na tuna ranar sunanta. Ka ɗauke ta a karkace kamar damin dawa, kana ta cewa wannan sai ta yi karatun da ya gagare ka. Ba gona ka bar mata ba, ba shanu. Sunan nan kaɗai ne.

Na ce a'a.

Tun daga ranar nan, gaisuwar safe kawai ke haɗa ni da Saratu. Ta daina satar mini goro, ta daina ce mini tsohuwa mai rowa. Amma jiya na ga ta kakkaɓe littattafanta. Za ta sake zama, da sunanka.

In ta samu, ka ci riba kana kwance. In ba ta samu ba, ni za ta kalla duk safiya, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka ƙiwuyarka. Allah Ya buɗa wa yarinyar nan, da duk yaron da ba shi da kowa a can ciki.

Innarka,
Hajo